Dawowa gida a jirgin araha lokacin hunturu: shawarwari ga matafiyi da masu jiransa a Yelwa

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa Fabrairu, gidaje da yawa a Yelwan Bauchi suna da wanda suke jira. Ko ɗa ne mai aiki a Legas, ko 'ya mai bautar ƙasa a Fatakwal, ko malamin jami'a da ya tafi ƙaro karatu Ingila ko Malesiya, ko Hajiya da ta je Umara. Wasu Kirsimeti ke dawo da su, wasu bikin aure, domin daga Yelwan Tudu har Gwallameji Disamba watan biki ne. Kusan kowa kuma tikiti mafi sauƙin kuɗi yake nema, wanda sau da yawa yakan faɗa kan jirgin yamma.

Wata shekara, a ƙarshen Disamba, na kai mahaifiyarmu filin jirgi tarbar ƙanena. Mun bar gida bayan la'asar, ta rungume kular masa a cinyarta. Rana ta koma kamar farin faifai a sama, kana kallonta ido ba ya ƙiftawa. Sau biyu muka ji rugugin jirgin a bisa kanmu, ba mu ga ko fiffikensa ba, sannan ƙarar ta yi nisa ta ɓace. Ta dafa hannuna ta ce, "Ya wuce ne?" Na ce, "Inna, ya koma, matuƙin bai ga ƙasa ba." Ta yi shiru, can ta ce, "Allah ya sauke su lafiya." Ƙanen nawa a kan kujera ya kwana a Abuja, wayarsa ta mutu, rigar sanyinsa tana cikin akwatin da ya riga ya shiga cikin jirgi. Inna kuwa ba ta rintsa ba har kiran asuba. Hazo ba laifin kowa ba ne, amma mutuwar waya, da kwanan sanyi, da tashin hankalin tsohuwa, duk abubuwa ne da da mun shirya da ba su faru ba.

1. Idan akwai zaɓi, a ɗauki jirgin safe.

Kamfanin da ke sayar da tikiti da araha ba sadaka yake yi ba. Dabararsa ita ce kada jirgi ya zauna a ƙasa, domin jirgin da ke ajiye kuɗi yake ci. A Amurka tsarin ya yi ƙarfi, wurin kamfanin Southwest da ya fara jigila a 1971, daga baya Ryanair da easyJet suka baza shi a Turai, Air Arabia da flynas kuma a ƙasashen Larabawa. A nan gida Green Africa ya fara tashi a 2021 da irin wannan niyya, sauran kamfanonin ma kowanne yana da ajin tikitinsa mafi sauƙi. Jirgi ɗaya zai bar Legas da sassafe, ya je Abuja, ya koma, ya leƙa Kano ko Fatakwal, sahu biyar ko shida kafin dare, kuma tsakanin saukarsa da sake tashinsa ba a ba shi wani dogon lokaci. To idan hazo ya riƙe shi minti 40 a sahun farko, motar mai ta makara minti 30 a na biyu, duk wannan bashin lokaci a kan sahun ƙarshe yake taruwa. Fasinjan yamma shi ke biya.

Ba wai jirgin safe ba ya makara ba ne. Yana yi, wata rana ma hazon safe ya fi kauri. Sai dai jirgin ƙarfe takwas idan ya makara, yana da wuni guda a gabansa, ana iya jira gari ya ɗan washe a tashi da azahar. Na ƙarfe huɗu da rabi kuwa ba abin da ke gabansa sai magariba, kuma a Bauchi wajen ƙarfe shida rana ke faɗuwa a Disamba. Filayen jirgi da dama a ƙasar nan ba sa karɓar jirgin fasinja bayan duhu sai da shiri na musamman, kamfani kuma ba ya son jirginsa ya kwana a garin da ba nan zai fara aikin gobe ba. Shi ya sa sahun yamma ne aka fi saurin sokewa.

2. A saurari labarin hazo kwana biyu kafin tafiya.

Ƙurar da muke kaɗewa daga kan tabarma da gilashin mota baƙuwa ce daga nesa. Kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, inda iska ke kutsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashi ƙasa mai laushi kamar toka. Takan yi kwana ɗaya ko biyu a hanya kafin ta lulluɓe mu, kuma wannan tazarar ce ke ba hukumar hasashen yanayi, NiMet, damar yin gargaɗi. Idan aka ji sanarwa cewa ƙura ta tashi a wajen Faya-Largeau, ko cewa nisan gani zai sauka zuwa mita 1,000 ko ƙasa da haka a Arewa, a san cewa jirage za su sha wuya.

Ko da na'ura na yi wa matuƙi jagora, akwai iyakar da idan ya sauko bai hangi titin sauka ko fitilunsa ba, doka ta wajabta masa ya sake hawa sama. A Fabrairun 2020, Legas kanta sai da jiragen ƙasashen waje suka yi kwanaki suna karkata zuwa Accra ta ƙasar Ghana saboda hazo. Don haka idan jirgin ɗanka ya juya, kada a zagi matuƙi, rayuka ya tsare. Mu mutanen gari muna da namu ma'aunin da ba ya buƙatar rediyo: ka fita ƙofar gida ka dubi duwatsun da ke kewaye da Bauchi. Ranar da dutsen da ka saba gani kullum ya ɓace, ka kira matafiyinka ka ce ya shirya wa kwanan hanya.

3. Kada ranar isowa ta zama ranar taro.

Idan ɗaurin aure Asabar ne, a zo Laraba ko Alhamis, musamman ango, ko waliyyi, ko wanda sadaki ke hannunsa. Mai son Kirsimeti a gida kada ya sayi tikitin 24 ga Disamba. Komawa ma haka ne, wanda zai shiga ofis Litinin ya bar Bauchi Asabar.

4. A lissafa kuɗin tafiyar tun daga ƙofa zuwa ƙofa.

Hausawa suka ce araha ba ta ado. Farashin da ake gani da manyan lambobi a shafin kamfani kuɗin kujera ne kawai. Tikiti mafi sauƙi yakan zo da kilo kaɗan na kaya, a kamfanonin araha na ƙasashen waje ma ba ya zuwa da ko kilo ɗaya sai ƙaramar jakar da za ta shiga ƙarƙashin kujera. Zaɓen wurin zama kuɗi ne, ruwan sha kuɗi ne a wasu jiragen, sauya rana kuɗi ne, wani tikitin kuma ba a sauya shi sam. A cikin gida abin da ake yafe wa fasinja yakan kama daga kilo 15 zuwa 23, gwargwadon kamfani da ajin tikiti, don haka a karanta abin da aka rubuta a kan naka tikitin, kada a bi abin da maƙwabci ya ce an ba shi bara.

A auna akwati a gida. Sikelin banɗaki ya isa: mutum ya hau shi kaɗai, ya sake hawa ɗauke da akwatin, a cire. Idan an san kaya za su yi yawa, a sayi ƙarin kilo ta intanet tun da wuri, domin a gaban kanta ya fi tsada, ga kunyar buɗe akwati a bainar jama'a ana fitar da atamfa da takalman yara. Sannan a ce tikitin yamma ya fi na safe sauƙi da naira dubu 20. A ɗora masa kuɗin ɗakin kwana ɗaya a Abuja, da tasi zuwa da dawowa daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe da ke nesa da gari, da abincin dare, da man motar da 'yan gida suka ƙona zuwa filin jirgin Bauchi da ke Durum a banza. Wanda ya yi wannan lissafin tun a gida shi ya san wane tikiti ne mai araha.

5. Suna da lambar waya su zama na mai tafiya.

Sunan da ke kan tikiti ya dace da na katin shaida harafi da harafi. Mu da muke rubuta Muhammad ta hanya uku, Aisha ta hanya huɗu, wannan ya shafe mu ƙwarai. A sayi tikiti a shafin kamfanin ko wurin wakilin da aka san ofishinsa, ba wanda aka haɗu da shi a Facebook ba. Idan wakili ne ya saya, a tsaya a ga ya sa lambar wayar matafiyi da imel ɗinsa, domin ta nan ake aiko saƙon sauya lokaci. Mutane da yawa sun je filin jirgi sun tarar an tashi tun safe, saƙon kuwa yana kwance a wayar wakili. Kada kuma a ɗora hoton tikiti a WhatsApp don murna, da lambar tikiti da sunan mahaifi wani zai iya shiga ya yi ɓarna.

6. Mai zuwa daga ƙasar waje ya yi hattara da tikitin haɗe-haɗe.

Ɗalibai sun fi faɗawa wannan rami. Yaro yana Ingila ko Turkiyya ko Saifurus, ya ga idan ya sayi tikitin jirgin araha zuwa wani birni, ya sayi wani dabam daga can zuwa Abuja, ya sayi na uku zuwa Bauchi, zai rage kuɗi. A takarda haka ne. Amma tikiti uku yarjejeniya uku ce, babu wadda ta san da 'yar'uwarta. A Landan a Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ga hazon sanyi, ga ƙanƙarar da sai an wanke ta daga fukafukan jirgi kafin a tashi. Idan jirgin farko ya makara awa biyu, na biyu ba zai jira ba, kuma ba ruwan kamfaninsa, sai dai a sayi sabon tikiti da farashin ranar. Idan kuwa tikiti ɗaya ne tun daga farko har Abuja ko Kano, nauyin kai ka yana kan kamfani.

Sai maganar biza, wadda ta fi zafi. Mai fasfo ɗin Najeriya yana buƙatar bizar yada zango ko da wucewa kawai zai yi ta filayen jirgin ƙasashen Shengen ko na Birtaniya, sai wanda yake da wata takarda da ta ɗauke masa. A tikitin haɗe-haɗe kuma dole ka fita ka karɓi akwatinka ka sake ba da shi, wato ka shiga ƙasar ke nan, kuma hakan cikakkiyar biza yake nema. Tun a kantar farko za a hana mutum hawa. A kuma duba sunan filin jirgi da kyau. Jiragen araha a Landan sun fi tashi daga Stansted da Luton da Gatwick, ba Heathrow ba. A Istanbul akwai Sabiha Gökçen a ɓangaren Asiya, akwai babban filin a ɓangaren Turai, tsakaninsu tafiya ce mai nisa. A Legas ma tashar jiragen waje dabam take, jiragen cikin gida kuma tasha biyu gare su, MMA2 da tsohuwar tasha, kowane kamfani da inda yake tashi.

Ni shawarata ga wanda ya sauka Abuja ko Legas daga waje ita ce ya sa kwana ɗaya a tsakani, ya huta wurin dangi, washegari ya kama jirgin safe. Iyaye su ma su daure su ce masa haka da bakinsu, domin sau da yawa ɗokinmu ne ke sa yaro ya matse lokaci.

7. Jakar hannu ta zama jakar kwanan hanya.

A shirya ta kamar an tabbata za a kwana a waje: rigar sanyi da hula da safa, magungunan da ake sha kullum, caja, batirin cajin waya cike da wuta, buroshi, man shafawa, ɗan abin taɓawa kamar dabino ko biskit, da tsabar kuɗi da za ta isa tasi da abinci ko da hanyar tura kuɗi ta ƙi aiki. Batirin cajin waya dai dole a jakar hannu yake tafiya, doka ta hana sa shi a akwatin da ake aunawa saboda gobara. A yawancin jiragen ƙasashen waje ba a shiga da ruwa ko turare ko mai da ya wuce mililita 100 a kowace kwalba, don haka turaren tsaraba ya shiga babban akwati, a naɗe shi cikin tufafi. A rubuta lambobin waya uku a takarda a sa a aljihu. Ƙanena a daren nan ya samu mai ara masa waya, amma ba lambar da ya haddace sai tasa.

8. Ba a karɓar saƙon da ba a buɗe ba.

Wannan yana da wuya a al'adarmu, domin mutum zai ce, "Don Allah ɗan miƙa wa Goggo wannan," ka ji nauyin cewa a'a. A buɗe a gaban mai saƙon, a ga abin da ke ciki. Wanda ya ƙi a buɗe, ya riƙe kayansa. A filin jirgi kuma kada a yarda a auna wa baƙo kaya da sunanka don kilonka ya rage. A ƙirga 'yan takardun shaidar kaya da aka manna a tikiti, idan akwati biyu ka bayar, biyu za ka gani. Ba mu manta da ɗalibar nan 'yar jami'a a Kano da aka tsare a Saudiyya a Disambar 2018 ba, bayan wasu sun maƙala sunanta a jakar ƙwayoyi da ba ta san da ita ba. Sai a Afrilun 2019 aka sake ta, bayan binciken hukumar NDLEA ya gano masu hannu a ciki.

9. A san haƙƙin fasinja, a nema da ladabi.

Dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, a sashe na 19, sun tanadi abin da fasinjan cikin gida yake bi. Idan jirgi ya makara, a faɗa masa dalili cikin minti 30. Bayan awa biyu, a ba shi abin sha da ɗan abin ci, da hanyar sanar da gida. Idan ya wuce awa uku, yana da damar karɓar kuɗinsa. Idan jinkirin ya kai tsakanin ƙarfe goma na dare da huɗu na asuba, a ba shi masauki da motar kai shi. Wanda ya biya da tsaba a mayar masa nan take, wanda ya biya ta banki cikin kwana 14. Idan hazo ne sanadi, ba a bin kamfani diyya tunda ba shi ya jawo ba, amma kuɗin tafiyar da ba a yi ba na fasinja ne, ko a sauya masa rana. Mai tasowa daga Turai yana da dokar Tarayyar Turai ta 2004, wadda ta sa diyyar yuro 250 zuwa 600 idan an isa a makare da awa uku ko fiye bisa laifin kamfani, Birtaniya ma tana da makamanciyarta.

A yi tunani kafin a ce a ba ni kuɗina. A ƙarshen Disamba kuɗin da za a mayar maka ba lallai ya sayi wata kujera ba, domin farashi ya hau. Sau da yawa sauya rana ya fi. A adana katin shiga jirgi da rasit, a ɗauki hoton allon sanarwa, a nemi jami'in kare haƙƙin fasinja na NCAA idan yana wurin. Ma'aikaciyar da ke bayan kanta ba ita ta tayar da ƙura ba, kuma ita ce za ta nema maka kujera a jirgin gobe. Ihu da dukan tebur ba sa saukar da jirgi, suna dai iya kai mutum hannun jami'an tsaro.

10. Gida ya naɗa mutum ɗaya mai magana da matafiyi.

Idan Yaya ya kira, Anti ta kira, Kawu ya kira, ƙannai biyar suka turo saƙo, batirin waya ne ke ƙarewa, labari kuma ya rarrabu. Mutum ɗaya ya riƙe lambar jirgi, shi ake faɗa wa komai, shi ke sanar da sauran. Filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Durum ne, a kan hanyar Ningi da Kano, sama da kilomita 20 daga tsakiyar gari, Yelwa kuwa tana ɗaya ɓangaren a kan hanyar Dass, sai an ratsa Bauchi. Daga Abuja jirgi yakan yi kusan awa ɗaya a sama, wanda ya yi daidai da abin da mota ke buƙata daga Yelwa idan ba a gaggauta ba. Don haka mota ta sha mai tun rana, direba ya zauna a shirye, amma kada a tashi sai matafiyi ya turo cewa an rufe ƙofar jirgi. Mai wayar zamani yana iya bin jirgin a manhajar Flightradar24. A goge fitilu da gilashi, a yi tuƙi a hankali, domin hazon da ya hana matuƙi gani yana hana direba ma. Kada a dogara da samun abin hawa a can bayan magariba, a shirya mota daga gida.

Tsofaffi su zauna a gida. Na san ba sa so, ni ma Inna ce ta matsa a ranar nan, amma tsayuwar awa uku cikin iska da ƙura tana kwantar da mai shekaru.

11. Idan an sauke shi a wani gari, ya kwana a can.

Jirgin da ya kasa sauka yakan koma inda ya fito ko ya nufi wani fili. Wasu kuma tun farko Jos ko Gombe ko Kano suke saya idan ba su samu na Bauchi ba. Daga Jos kimanin kilomita 130 ne ta Toro, filin jirginsu kuma yana Heipang, gaba da garin. Daga Gombe kimanin 150 ne ta Alkaleri, daga Kano kusan 300 ta Birnin Kudu da Ningi. Da rana duk tafiya ce mai sauƙi. Da dare, cikin hazo, ga manyan motoci, ga gajiyar wuni guda, ba ta cancanci kasada ba. Tun kafin ranar tafiya a nemi ɗan'uwa ko aboki a Abuja da sauran garuruwan nan a ce masa, "Wataƙila baƙo ya kwana wurinka." Wanda zai kwana a Jos ya san sanyin can ya fi namu nesa ba kusa ba.

12. Yara, masu ciki, tsofaffi da masu asma.

Jariri yakan yi kuka lokacin sauka saboda kunnensa na toshewa, a ba shi nono ko abin tsotsa a daidai lokacin. Mai ciki ta tambayi kamfani tun kafin sayen tikiti, yawancinsu suna neman takardar likita daga wajen mako 28, kuma ba sa ɗauka idan haihuwa ta kusa. Tsohon da tafiya ke yi wa wuya a nema masa keken marasa lafiya kwana biyu kafin tashi. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, ya sa takunkumi tun daga matakalar jirgi. Wanda ya daɗe a Turai kada ya ce ai gida zafi ne ya bar rigarsa, domin a daren Janairu sanyin Bauchi yakan sauka ƙasa da digiri 15, ga bushewar da ke fasa leɓe da hanci. Ya kuma ga likita kan rigakafin zazzaɓin cizon sauro kafin ya taso, musamman saboda yaran da aka haifa a can. Sauro yana raguwa da hunturu, amma ba ya ƙarewa, jikin da ya shekara biyar bai gamu da shi ba kuma ya manta da shi.

13. Salla da azumi.

Jirgin yamma yakan ci la'asar ko magariba. A yi alwala da salla kafin a kira shiga jirgi, a kuma tambayi malami hukuncin ƙasaru da haɗa salloli tun a gida, kada sai an shiga ruɗani. Azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, yanzu ya fara shigowa cikin watannin hazo, don haka mai azumi ya riƙe dabino da ruwan da ya saya bayan ya wuce wurin bincike.

14. A shirya ɗaki da abincin da za su iya jira.

A share ɗaki, a goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma, a rufe tagogi tun la'asar, a shimfiɗa bargo. Idan an sa kaskon garwashi don ɗumama ɗakin, a fitar da shi kafin kowa ya kwanta. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, mai barci kuma ba ya jin shigarta. Janareta ma ya yi nesa da taga da ƙofa. A ajiye ruwan zafi na wanka a fulas ko a bar tukunya a kan murhu.

Miya tana jira, tuwo da masa ba sa jira. A gama miyar taushe ko ta kuka tun rana, a bar ƙullu a rufe, sai an ji mota ta baro Durum a ɗora tanda. Maƙwabta da dangi a ce musu gaisuwa sai gobe da hantsi, tsaraba ma ta kwana a akwati, wanda ya wuni a kan kujerar filin jirgi wanka da abinci da barci yake so. Ƙanena dai washegari da azahar jirginsa ya sauka, ni kaɗai na je ɗaukarsa. Masar jiya yara sun cinye ta da shayi tun da safe. Da muka shigo layinmu na danna ƙaho, sai muka tarar Inna zaune a gaban tanda da mayafi a kafaɗa, tana zuba ludayin farko.